Kashi-Kashi Ko A Dunƙule: Wa Zai Ɗauki Asarar Wasan Da Ba A Gama Ba?

A ranar 21 ga Satumba, 2018, kamfanin Telltale Games da ke jihar Kaliforniya a Amurka ya tara ma'aikatansa ya sallami kimanin mutum 250 a yini guda, ko kuɗin sallama babu. Lokacin kuwa yana tsakiyar fitar da zangon ƙarshe na wasansa The Walking Dead. Kashi huɗu aka yi wa mutane alkawari, da yawa kuma sun riga sun biya kuɗin huɗun gaba ɗaya. Kashi ɗaya ne a hannunsu, na biyu ya fito bayan kwana huɗu, daga nan aka ji tsit. Ba don kamfanin Skybound na Robert Kirkman, mai ainihin labarin, ya kwaso wasu daga cikin ma'aikatan da aka sallama sun ƙarasa aikin a watan Maris na 2019 ba, da labarin Clementine, yarinyar da jama'a ke bi tun 2012, ya tsaya a rataye ke nan.

Telltale ba ɗan koyo ba ne a wannan harka. Tun 2005 yake sayar da wasanni kashi-kashi, kuma zangon farko na The Walking Dead, kashi biyar tsakanin Afrilu da Nuwamba na 2012, shi ya gamsar da duniya cewa ana iya bin wasan bidiyo kamar yadda ake bin shiri mai dogon zango a talabijin. To idan gwani ya faɗi da kaya a ka, ina ga mutum biyu ko uku da suka kulle kansu a ɗaki suna haɗa wasansu na farko da kuɗin aljihunsu? Su ne ake kira 'yan indi, ƙananan masu ƙera wasa da ke cin gashin kansu, ba babban kamfani a bayansu, ba albashi a ƙarshen wata. Da wuya ɗayansu ya tsallake wannan mararraba: ya daure ya gama wasan ya sake shi a dunƙule, ko ya yanka shi gida biyar ya fara sayar da na farko tun sauran suna cikin kansa?

A ganina ana cakuɗa abu biyu ne a wannan muhawara. Akwai rarraba wasan da aka riga aka gama, a riƙa sakin sa bi da bi. Akwai kuma sayar da wasan da ba a yi ba tukuna, da fatan kuɗin kashi na ɗaya su haifi na biyu. Na farkon dabarar kasuwa ce da ta ba da labari, kuma tana iya yin kyau ƙwarai. Na biyun bashi ne, mai saye ke ba da shi, ba tare da an gaya masa cewa bashi yake bayarwa ba. Ƙaramin maƙeri, shi ne ya fi kowa buƙatar wannan bashin, kuma shi ne ya fi kowa rashin halin biyan sa.

Abin da ke jan mutum

Sai dai a yi adalci, ba son banza ke kai mutane ga kashi-kashi ba. Wasan bidiyo yana cin shekaru. Eric Barone ya shafe shekara huɗu da rabi yana haɗa Stardew Valley shi kaɗai, zane da kiɗa da rubutun manhaja duka, yana ɗan aikin nuna wa mutane kujera a wani gidan kallo a birnin Siyatul don rufin asiri. Da wasan ya fito a 2016 ya sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya cikin wata biyu. 'Yan'uwan nan biyu na Kanada, Chad da Jared Moldenhauer, sai da suka jinginar da gidajensu kafin Cuphead ya fito a 2017. Waɗannan mun ji labarinsu ne saboda sun dace. Wanda ya yi irin wannan kasadar kuɗinsa suka ƙare a shekara ta uku, ba mai rubuta tarihinsa. Don haka idan mutum ya ce bari ya fitar da abin da ya samu ya ga ko kasuwa za ta karɓa, ba wauta ya yi ba.

Ko masu suna ma sukan faɗa wannan matsi. A 2012 Tim Schafer da kamfaninsa Double Fine suka nemi dala 400,000 a dandalin karo-karo na Kickstarter, jama'a suka tara musu sama da dala miliyan 3.3. Duk da haka wasan, Broken Age, ya fi ƙarfin kuɗin. Suka raba shi biyu, rabin farko ya fito a Janairun 2014 don cinikinsa ya taimaka wa na biyu, wanda ya fito a Afrilun 2015. Sun cika alkawari, amma da suna da tsofaffin wasannin da ke kawo musu kuɗi suka cika shi.

Bayan kuɗi akwai kunnen jama'a. Wanda ya saki kashi na ɗaya zai ji abin da ya burge mutane da abin da ya gundure su tun da sauran damar gyara. Akwai kuma neman a san da kai. A shekarar 2024 kaɗai sama da wasanni 18,000 suka fito a kantin Steam, wato kusan 50 a kullum. A cikin wannan turmutsitsi, wasan da ya fito sau ɗaya yana da mako guda ko biyu na a kula da shi, wanda ke fitowa sau biyar kuwa ana ganin kamar yana da dama biyar. Sannan akwai daɗin jira shi kansa: musun da ake yi tsakanin kashi da kashi, hasashen wa zai mutu, wa ya ci amana, abin da wasan da aka cinye a dare biyu ba ya samu.

Lissafin da ba ya fita

Matsalar ita ce lissafin yana da kyau a takarda ne kawai. Mutum zai ce wasana kashi biyar ne, ke nan kashi na ɗaya zai ci ɗaya bisa biyar na kuɗi da lokaci. Ba haka abin yake ba. Kafin ɗan wasa ya taka ƙafa ɗaya a kashi na farko, dole a ce an gama tsarin tafiya da na magana, an zana taurarin labarin an ba su motsi, an tsayar da salon zane da na kiɗa, an haɗa allon zaɓe-zaɓe da hanyar adana inda mutum ya tsaya, an gwada a kwamfutoci iri-iri. Mafi nauyin aikin yana gaba ne, kuma kashi na ɗaya ke ɗauke da shi, alhali ana sayar da shi a farashin yanki ɗaya. Sau da yawa ma kyauta ake ba da shi don jawo mutane.

Kuɗin shiga kuma ta baya suke tafiya. Babu mai fara labari daga kashi na uku, saboda haka masu sayen na uku wani yanki ne na masu sayen na biyu, su kuma yanki ne na masu na ɗaya. Duk wanda ya leƙa shafin lambobin yabo na irin waɗannan wasanni a Steam zai ga yadda adadin ke zubewa daga waɗanda suka gama kashin farko zuwa waɗanda suka kai na ƙarshe. 'Yan jarida da masu nuna wasa a YouTube ma haka suke, sabon abu suke bi, kashi na huɗu na tsohon labari ba ya ɗaga musu hankali. Damar nan biyar da aka ƙirga, a zahiri babba ɗaya ce da ƙanana huɗu masu raguwa.

Ga kuma wani abu da ya fi wannan ciwo. Masu saye sun yi wayo. Sun ga SiN Episodes, wanda aka tsara kashi tara, ɗaya tak ya fito a 2006. Sun ga Blues and Bullets na wani ƙaramin kamfani a Basalona, kashi biyu cikin biyar, kamfanin ya rufe. Sun ga kamfanin Valve da duk arzikinsa ya fitar da Half-Life 2: Episode One a 2006 da Episode Two a 2007, ya bar labarin a kan gawar wani babban tauraro, na uku bai fito ba. Mai karatun Hausa ya san wannan takaici, wanda ya sayi littafi na ɗaya da na biyu, a shafin ƙarshe aka ce a saurari na uku, ya yi ta zarya wurin mai littattafai har ya haƙura. Wanda aka yi wa haka sau biyu, abin da zai ce a gaba shi ne sai an gama zan saya. Shi kuwa maƙerin, da kuɗin da wannan mutumin ya riƙe yake shirin gamawa. Kowa yana jiran kowa, wasan ya mutu a tsakiya.

Dokar kasuwa ma ba ta tare da gajeren kashi. Steam yana cire kashi 30 cikin ɗari na ciniki, kuma tun 2015 yana mayar wa mutum kuɗinsa idan ya nema cikin kwana 14 bai kuma buga wasan ya kai awa biyu ba. Kashi guda na wasan labari yakan tsaya ne a awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Marar tsoron Allah yana iya buga shi tas ya ce a mayar masa da kuɗinsa. A 2021 mai wasan Summer of '58 ya fito fili ya koka da cewa irin wannan ta cinye masa riba, duk da yabon da wasan ke samu.

Sai nauyin da ke cikin aikin kansa. Mu ɗauki misali ɗaya daga kashin farko na The Walking Dead. Matattu masu tafiya sun fasa kantin magani a garin Macon, Lee, wanda ɗan wasa ke sarrafawa, yana da 'yan daƙiƙu, Carley 'yar jarida mai bindiga tana kururuwa ta nan, Doug masanin na'ura ana jan sa ta taga ta can, ɗaya kawai za ka iya ceta. A wurin ɗan wasa, danna maɓalli ne guda. A wurin masu aiki kuwa, daga nan kowane zama da kowace hira da ta shafi wanda aka ceta a kashi na biyu sai an rubuta ta sau biyu, an ɗauki murya sau biyu, an yi motsi sau biyu, an kuma tabbatar na'urar kowa ta tuna wanda ya ceta. Shi ya sa a kashi na uku, ko wa ka ceta, a bakin hanya ɗaya yake mutuwa. Dole ce ta sa aka haɗe rassan, domin kowane zaɓi da aka saki a kasuwa ya zama kaya a wuyan masu aiki har ƙarshen zango. Wanda bai saki wasansa ba, idan ya kai tsakiya ya gane ya yi kuskure a farko, sai ya koma ya goge. Wanda ya riga ya sayar ba shi da wannan gata. Kamfanin Hinterland na Kanada ya fitar da kashi biyu na farko na labarin The Long Dark a Agustan 2017, suka sha suka, sai da aka koma aka sake gina su aka fitar a ƙarshen 2018. Na uku bai fito ba sai 2019, na huɗu 2021.

Waɗanda suka tsallake

Masu goyon bayan kashi-kashi suna da gwarazansu, kuma babba a cikinsu shi ne Kentucky Route Zero. Mutum uku ne suka yi shi, Jake Elliott da Tamas Kemenczy da Ben Babbitt, sun fara da abin da bai kai dala 9,000 ba daga Kickstarter a 2011. Labarin Conway ne, direban motar kaya da ke neman wani adireshi don sauke kayansa na ƙarshe, ya tsaya tambaya a wani gidan mai da aka gina da siffar kan doki, aka ce masa sai ya bi wata hanya da ke ƙarƙashin ƙasa. Babi na ɗaya ya fito a Janairun 2013, na biyu a watan Mayu, da niyyar a gama cikin shekara guda ko makamancin haka. Na uku ya kai 2014, na huɗu 2016, na biyar sai Janairun 2020. Shekara bakwai. A tsakani suna sakin ƙananan abubuwa kyauta, har da wata lambar waya ta gaske da mutum zai kira ya saurari wani ɓangare na duniyar labarin. Wasan ya fito gwanin kyau, kuma jinkirin ya ƙara masa zurfi, domin masu yin sa sun girma tare da shi. Amma a lura, su uku ne, cin su kaɗan ne, kuma sun yi sa'ar masu saye masu haƙurin da ba a cika samu ba. Wanda ya kafa tsarin kasuwancinsa a kan cewa mutane za su jira shi shekara bakwai, caca yake yi.

Na biyu shi ne Toby Fox. Ya saki babin farko na Deltarune a ranar 31 ga Oktoba, 2018, na biyu a Satumban 2021, dukansu kyauta. Bai nemi sisin kowa ba sai a Yunin 2025, lokacin da na uku da na huɗu suka fito, ya sa farashin dala 24.99, da alkawarin ragowar babi uku za su zo wa mai saye ba ƙarin kuɗi. Shekara kusan bakwai ba wanda ke bin sa bashi, saboda ba wanda ya biya. Me ya ba shi wannan dama? Undertale, wanda ya gama ya saki a dunƙule a 2015, ya yi kasuwa ta ban mamaki. Wato cikakken wasa ne ya ɗauki nauyin mai kashi-kashi.

Hanya ta uku ita ce ta Fears to Fathom, jerin wasannin ban tsoro da wani matashi a Indiya ya fara a 2021. Kowane kashi labarinsa daban, yana da farko yana da ƙarshe, na farkon kyauta, sauran kowanne da kuɗinsa. Ko gobe ya ajiye aikin, ba wanda aka bari a rataye. Wannan ƙananan cikakkun wasanni ne a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma shi ne salon kashi-kashi mafi aminci ga mai ƙaramin jari.

A gama, sannan a yanka

Abin da ake yawan mantawa shi ne waɗanda suka fara cin riba da wannan salo ba alkawari suke sayarwa ba. Commander Keen a Disambar 1990 da Doom a Disambar 1993 kowanne kashi uku ne. Na farkon ana raba shi kyauta, kowa ya kwafa ya ba abokinsa, wanda ya ji daɗi ya aika kuɗi a turo masa sauran biyun. Sauran biyun kuwa suna nan a shirye. Ɗanɗano ake ba ka na abin da ya riga ya dahu.

Bayan shekara 30 da ɗoriya, wasu tsofaffin ma'aikatan Telltale da suka kafa AdHoc Studio sun dawo da wannan hikimar a sabon salo. Wasansu Dispatch, labarin wani jarumi da ya rasa rigar yaƙinsa ya koma aikin ofis yana tura sauran jarumai inda ake buƙatar su, kashi takwas ne. Suka fara ranar 22 ga Oktoba, 2025, kashi biyu kowane mako, suka rufe ranar 12 ga Nuwamba. Mako uku ke nan daga farko zuwa ƙarshe, jadawalin da ba ya yiwuwa sai aikin yana hannu. Wasan ya sayar da kwafi miliyan ɗaya cikin kwana goma. Sun samu musun jama'a da hasashe da ɗokin mako mai zuwa, mai saye kuma bai kwana da fargabar ko za a gama ba. Wasu kuma sun bar salon ne ɗungurungum: Hitman na 2016 kashi-kashi ya fito, Hitman 2 na 2018 a dunƙule, Life is Strange na 2015 kashi biyar cikin wata tara, Life is Strange: True Colors na 2021 rana ɗaya.

To wanda ba shi da kuɗin gamawa fa? Nan ne maganar ke da ɗaci, amma gaskiya ce: idan kuɗinka na kashi ɗaya ne, wasan da za ka yi ke nan, ka ba shi ƙarshe. Adam Robinson-Yu ya ajiye wani babban wasa da ya ƙi ƙarewa, ya haɗa A Short Hike cikin 'yan watanni, labarin wata tsuntsuwa da ke hawa dutse neman sabis ɗin waya, ana gama shi cikin awa biyu. Ya fito a 2019, a 2020 ya lashe babbar kyautar bikin wasannin indi na IGF. Idan kuma wasanka irin wanda ake maimaitawa ne, na faɗa ko gini ko noma, akwai tsarin sayar da wasa tun ana kan aikinsa, wanda Steam ya buɗe a 2013. Da irin wannan tsari kamfanin Supergiant ya reni Hades daga Disambar 2018 zuwa Satumban 2020. A can mai saye ya san abin da ya saya, kuma abin da ke hannunsa yana buguwa ko da ba a ƙara komai ba. Wasan labari ba ya samun wannan sauƙi, domin rabin labari ba ya ƙosar da kowa.

Hukuncina ke nan. Ƙaramin maƙeri ya saki wasansa a dunƙule, ko da ƙarami ne, ya ba da ɗanɗano kyauta don a san da shi. Kada ya shiga kashi-kashi sai da ɗaya daga cikin sharuɗɗa uku: ya gama aikin kuma tazarar makonni ce ba shekaru ba, ko kowane kashi yana tsaye da ƙafarsa, ko kuma yana da kuɗin kai wa ƙarshe ko da ba wanda ya sayi na farko. Idan babu ko ɗaya, kada ya karɓi kuɗin zango gaba ɗaya, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Matashin da ke koyon manhajar ƙera wasa ta Unity ko Godot yau da burin labari mai babi goma, ya fara da wanda zai iya gamawa cikin wata shida. Kai kuma mai saye, kafin ka biya kuɗin kashi biyar, ka tambaya nawa ne aka gama, kuma yaushe na ƙarshe zai fito. Idan ba amsa, ka biya na abin da ke ƙasa kawai.